Hukuncin Mai Tafiya Shi Kaɗai a Duwatsun Gabon da Abincin Mai Masaukinsa

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Mont-Bouët, nan Libreville. In na sami sarari nakan rataya jakata in bi ta Kango in shiga duwatsun Cristal ni kaɗai, bana kuma ina so in leƙa na Chaillu. Ƙauyukan da nake sauka babu Musulmi, wasu Kiristoci ne, wasu mabiya Bwiti, su ke ba ni makwanci da abinci. Mahaifiyata ta ce tafiyar haramun ce. Mene ne hukuncinta, da na abincin, da na sallata?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, tafiya don ganin halittar Allah halal ce a asalinta. Abin da aka yi magana a kai shi ne kaɗaici. Buhari ya ruwaito daga Ibn Umar gargaɗin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tafiyar mutum ɗaya da dare, Malik ma ya kawo makamancinsa a Muwaɗɗa. Malamai sun ɗauke shi a kan karhanci, domin Annabi da kansa ya aiki Zubair shi kaɗai leƙen asiri a yaƙin Khandaƙ. Dalilin hanin a fili yake: wa zai ɗauke ka in kasa ta sare ka, wa zai yi maka wanka da salla in ajali ya zo? A motar haya ko jirgin ƙasan Owendo zuwa Franceville ba ka kaɗaita ba. Amma kurmin Cristal, da giwayensa da ruwan samansa, shi ne ainihin wurin da hanin ya shafa. Ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, ko da ba Musulmi ba ne. A hijira ma mai nuna hanya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, yana kan addinin mutanensa a lokacin. Kurmin Cristal kuma gandun gwamnati ne tun 2002, sai ka nemi izinin masu kula da shi.

Mahaifiyarka ba ta dace da sunan hukuncin ba, amma haƙƙinta na nan daram. Tafiyar ba wajibi ba ce, tana da haɗari, saboda haka in ta hana, ka hanu. Ka lallashe ta, ka gaya mata wanda zai raka ka da ranar dawowarka.

Batun abinci shi ya fi buƙatar natsuwa, don a nan ake yawan kuskure ta fuska biyu: wani ya ci duk abin da aka ajiye masa, wani ya ture kwanon ya ci mutuncin wanda ya karrama shi. Rogo, ayaba, gyaɗa, miyar kwakwar manja da kifi duk halal ne, ko wa ya dafa, kifi kuwa ko wa ya kama shi. Kaza ko akuyar da Kirista ya yanka ta halatta bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida, matuƙar yanka ya yi, ba murɗe wuya ba. Yankan wanda ba Ahlul Kitabi ba, ko abin da aka yanka don kakanni, ba a ci. Naman daji kuma hukuncinsa daban. A mashhurin mazhabar Malik, abin da maharbi ya kashe ba ya halatta sai in maharbin Musulmi ne, dabbar da ta mutu a tarko kuwa mushe ce. Don haka gada ko beguwar da ka tarar a tukunya ka bar ta, ko da asalin namanta halal ne. Aladen daji haramun ne. Biri, Halil, malamin Malikiyya, ya kawo magana biyu a kansa, karhanci da hani, ni dai hanin nake ba ka, musamman a ƙasar da cutar Ebola ta ɓarke a Mayibout a 1996 bayan an feɗe wani babban biri da aka tsinta matacce. Tukunyar da aka dafa haram a ciki, a wanke ta, shi ke nan.

Mafita mai sauƙi ita ce ka riga masu masaukinka magana. Da isarka ka gaida dagaci a rumfar da maza ke zama, ka miƙa ɗan tsarabarka, gishiri ko sabulu, ka ce saboda addininka ka fi son naman da ka yanka da hannunka. In za a kama maka kaza, ka karɓi wuƙa ka yi bisimilla. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ba ka damar kyautata musu, har ma ka biya fiye da abin da ka ci.

Bammi da ya fara tsami giya ne, kuma cikin 'yan sa'o'i yake juyawa, ka ce na gode. Saiwar iboga da mabiya Bwiti ke amfani da ita tana gusar da hankali, ba ta halatta ko da sunan ɗanɗano. Daren bikin Bwiti ka zauna a masaukinka, ba tare da izgili ko ɗaukar hoto a ɓoye ba.

Salla kuwa, nisan ƙasaru mil 48 ne, wato kilomita 80 da ɗoriya, Kango ma ta wuce haka daga Libreville. Ka fara ƙasaru bayan ka bar gidajen gari, ka cika in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya. Sai dai Malikawa sun karhanta ƙasaru a tafiyar da wasa ne zalla, ka duba niyyarka. Haɗa Azahar da La'asar ya halatta a kan hanya. Taimama ba za ka cika buƙatarta ba, ƙoramu sun wadata, kuma launin ganye ko laka da ruwan kurmi ya ɗauko daga mazauninsa ba ya hana alwala. Alƙibla daga Gabon tana arewa maso gabas.

Wallahu a'alamu.