Tsami Daban, Maye Daban: Nasiha Kan Abin da Muke Ci da Abin da Muke Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wata Juma'ar da rai da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan uwa, takardar wannan mako ta kicin ce. Mako uku a jere iyayenmu mata na ajin Asabar suna aiko da tambaya guda: kunun da ya kwana ya yi tsami, ya halatta a sha shi ko a sayar? Wata ta ƙara da cewa ɗanta ya dawo daga makaranta yana cewa duk abin da ya yi tsami akwai giya a cikinsa, har ya daina shan koko. Wata kuma nata akasin haka ne, maƙwabta sun ba yaranta bammi suna cewa ai ruwan itace ne kawai. Mun kai maganar gaban Liman, ya yi bayani bayan sallar Isha'i, mun rubuta abin da ya sauƙaƙa, mun haɗa da abin da 'yan uwanmu ma'aikatan lafiya suka ƙara mana.

Liman ya fara da cewa asalin abinci halal ne sai abin da shari'a ta cire. A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah Ya umarci mutane su ci daga abin da ke ban ƙasa da sharaɗi biyu: ya zama halal, ya kuma zama mai kyau. Mu mun fi riƙe na farkon, na biyun kuwa muna yi masa riƙon sakainar kashi. Za mu dawo kansa.

Shari'a ba ta haramta tsami ba, maye ta haramta. Ƙa'idar da ta zo a hadisi ita ce, abin da mai yawansa ke sa maye, to kaɗan ɗinsa ma haram ne. Sai mu tambayi kanmu: wa ya taɓa shan kwarya uku ta koko ya tashi yana layi? Barci dai zai yi. Geron da aka jiƙa kwana biyu ko uku, aka niƙa, aka tace, aka bar gasarar ta kwanta, tsaminsa iri ɗaya ne da na nono da kindirmo. Wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke mai da zaƙin hatsin ya koma tsami, kuma wannan tsamin yana rage ƙarfin miyagun ƙwayoyin cuta. Abin da Yarbawa ke kira ogi, Ibo kuma akamu, wannan hanyar ake bi, sai dai su sun fi yi da masara. Daddawa kuwa ko kusa ba ta bi ta nan ba. Kalwa ce ake dafawa ta yi laushi, a cire ɓawon, a sake dafawa, a rufe kwana biyu zuwa uku. Warinta ne kawai ke da ƙarfi. Iru ɗin da kuke gani a kasuwa 'yar uwarta ce, kalwar ɗaya ce, su dai ba sa daka ta su busar kamar tamu. Haka ƙullun masa da ake sa wa yis ya kwana, da burodi, duk wuta na bi ta kansu, babu wanda suke bugarwa. Annabi (SAW) da kansa ya yabi khal, wato binega, a matsayin mahaɗin abinci, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Don haka a faɗa wa wancan yaro ya koma ga kokonsa.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin sha mai zaƙi da aka bari ya daɗe. A nan yis ne ke aiki, shi kuma yana mai da sukari ya koma barasa. Da gangan ake yin haka a burukutu: a bar dawa ta tsira, a niƙa, a dafa, a ajiye har ta tashi. Bammi kuwa ba ya jiran kowa. Tun yana ɗiga cikin gora a kan bishiya ya fara juyawa, cikin 'yan awoyi ya soma bugarwa. Shi ya sa Liman ya ce kada a karɓa, kada a ba yaro, ko da an ce na safe ne mai zaƙi, domin ba mu da ma'aunin da za mu gane inda ya tsaya. A faɗa wa maƙwabci da lalama, a yi masa godiya, ba sai an yi faɗa ba. Mutanen nan da kyakkyawar niyya suke bayarwa, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi don addini ya bambanta ba.

To ina kunun zaki da kunun aya da zoɓo? Muna da abin koyi. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, a Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha a ranar, ya sha washegari, har zuwa yammacin rana ta uku. Abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Ka ga ke nan jiƙon halal ne, amma yana da wa'adi. Kuma kada wani ya riƙe kwana ukun nan ya ce shi ne ma'auni a Legas. Da zafin nan da gumin nan, ga wuta da ba ta zama, kunun ayar da aka haɗa da safe ba tare da sanyi ba kafin dare ya canja. Alamomin ba ɓoyayyu ba ne: gora ta kumbura, an buɗe ta yi tsaki, kumfa na tasowa da kansa, wari na hawa kai. Idan an ga haka a zubar. Ba a gyara shi da ƙarin sukari da ƙanƙara, ba a kuma haɗa shi da sabo don kada a yi asara.

Wannan na ƙarshen muna roƙon masu sana'a su tsaya a kansa. Mun san jari ƙarami ne, mun san kuɗin aya da dabino da kwakwa sun tashi, zubar da gora goma ba ƙaramin abu ba ne ga matar da da ribar take sayen sabulu da littafin yara. Amma ku tuna labarin mai hatsin nan da Annabi (SAW) ya wuce ta wurinsa a kasuwa, ya cusa hannu cikin tulin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi bai karɓi uzurin ba, ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Hatsi ne fa da ya jiƙe kawai. Ina ga abin da zai kwantar da ɗan wani a asibiti?

Ga sharaɗi na biyu da muka ce za mu dawo kansa. Ba mu manta da watan Yunin 2024 ba, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, aka rasa rayuka. A lokacin jami'an lafiya na jihar sun bayyana cewa da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya na gora da ba shi da rajista. Ko wane ne ya haɗa shi, sunan kunun aya dai da mu aka san shi, kuma kowa ya ga yadda ciniki ya faɗi a lokacin. Ayar ba ta da laifi, ruwan ne da hannun da gorar. Kwalara ta hanyar ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata take shiga. Koko ana dama shi da tafasasshen ruwa, tuwo ya sha wuta, shi kuwa kunun aya daga injin niƙa sai rariya sai gora, babu inda ya haɗu da wuta. Duk abin da ke cikin ruwan yana nan yadda yake. Saboda haka ruwan jiƙo da na tacewa su zama tafasassu, ƙanƙarar ma a san da wane ruwa aka yi ta. Gorar da yara suka tsinto daga bola ko bakin kwata, wallahi ɗauraya ɗaya ba ta isa ba. Wanda ba zai iya sayen sabuwa ba ya sayar a kofi daga kula mai murfi.

'Yan uwanmu masu tura kurar ruwa, ku ma kuna cikin wannan amana. Gidaje nawa ne ke sha daga jarkokinku? A riƙa wanke cikinsu, a kuma duba inda ake ɗiba, musamman da damina da kwata ke cika ta malala cikin rijiyoyi. Rufe ƙwarya da tulu da dare ma umarni ne na Annabi (SAW) tun kafin a san wani abu wai shi ƙwayar cuta. Mu da muke alwala sau biyar a rana bai dace a ce wani ne zai zo ya koya mana wanke hannu da sabulu ba.

Idan Allah Ya ƙaddara yaro ya kamu da gudawa, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma a kwalara cikin awoyi kaɗan ake rasa mutum. Kada a ce bari maigida ya dawo daga Mile 12 tukuna. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai na leda, wato ORS, shi ya fi. In babu, a samu lita 1 na ruwa mai tsabta, kimanin fiya wata biyu ke nan, a zuba sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. Ana haɗawa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Mai shayarwa kada ta tsayar da nono. Addu'a da tofi muna yi, ba mu daina ba, amma a yi su a cikin mota. Magidanta kuma ku bar wa iyalanku izini tun yanzu da ɗan kuɗin mota a ajiye.

Abu biyu a gurguje. Hatsi da gyaɗa da kuka da busasshiyar kuɓewar da ake aiko mana daga gida, a can iska ta busar da su, a nan danshi ke kama su. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. A tsince, a zubar, kada a niƙa a ce ai ba a gani. Sai rogo: akwai mai ɗaci wanda ke da guba, shi ya sa mutanen nan suke gurza shi, su matse a buhu kwanaki kafin su soya gari, ko su jiƙa shi kafin fufu. Ba irin rogon da muka saba dafawa mu ci da ƙuli ba ne. A tambayi mai sayarwa kafin a ɗora tukunya.

Game da jarirai, Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ga mai son cika shayarwa, a aya ta 233 ta Baƙara. Ma'aikatan lafiya kuma suna cewa wata 6 na farko nono zalla, ko ruwa ba a buƙata. Bayan nan idan an fara koko, kada ya zama tsinkakken ruwa fari kawai. Cikin yaro ƙarami ne, zai cika amma bai ƙoshi ba. A sa masa garin gyaɗa mai kyau, ko waken suya, ko garin kifi, a ɗan ɗiga manja. Mun ga magidancin da zai sayi tsiren dubu biyu a bakin titi ya cinye shi kaɗai, alhali a gida yaron da aka yaye bai ga ƙwai ba tun Sallah. Ciyar da iyali wajibi ne, kuma sadaka ce mai lada ga wanda ya yi niyya.

Saura tambayar da ba a aiko mana ba, amma muna ganin amsarta kullum a ƙofar masallaci. Wa ke kai kunun nan kasuwa? Yarinya 'yar shekara tara ko goma, da ƙarfe goma na safe, bokiti a ka, tana ratsa tsakanin danfo da tirela, yayin da sa'o'inta ke aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 9 na karatu kyauta, firamare da ƙaramar sakandare, kuma makarantun gwamnati suna nan a unguwanninmu, 'ya'yan maƙwabtanmu suna ciki. Mu namu suna waje da talla. Gobe idan matarka ba ta da lafiya ka ce kai likita mace kake so, mai jin Hausa, daga ina za ta fito? Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya ambaci miji, ya ambaci mata. Ba mu ce a kashe sana'a ba. Akwai masu shaguna da masu shayi a cikinmu da za su iya karɓar kunun a sara su ajiye a firijinsu, kuɗin ya koma wa mai shi da yamma, yarinya ta tafi boko da safe, Islamiyya da la'asar. Alhazai masu rumfuna, wannan taimako ne da ba zai rage muku ko sisi ba.

Kwamitin masallaci ya buɗe rajista a ofishin sakatare daga yau har Juma'a mai zuwa, bayan Azahar da bayan Isha'i. Duk mai yaron da ya kai shekara 6 bai shiga makaranta ba ya zo ya rubuta sunansa, za a haɗa shi da wanda zai raka shi wurin shugaban makaranta, har da wanda ba shi da takardar haihuwa. Masu shagon da suka yarda su karɓi kunu su ma su ba da sunayensu. Akwai ledojin ORS a ofis, kyauta, kowane gida biyu. Ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya za ta zauna da ajin mata ta nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kowa ta zo da cokalin shayinta na gida a gwada da shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa iyalinsa wannan takarda, kuma kada a yar da ita a ƙasa saboda akwai sunan Allah a ciki.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti