Mallaka ko Amfani: Wanne ne Arziki?

Malaman tauhidi sun daɗe da saɓani a kan haƙiƙanin arziki, domin Mu'utazilawa sun tafi a kan cewa arzikin bawa shi ne abin da ya mallaka, alhali Ahlus Sunna, kamar yadda Shehu Ibrahim Laƙƙani, bamalike na Masar, ya tabbatar a Jauharatut Tauhidi, sun ce shi ne abin da aka amfana da shi. Kuma daga cikin hujjojinsu akwai cewa dabbobi ba su mallaki kome ba, amma duk da haka Allah Maɗaukaki yana azurta su. Wanda ya ɗauka wannan mas'ala ta zaure ce kawai, to, ya dubi halin tsohuwar kwamfuta.

Mutum ne zai sayi RAM na gigabayit 4 da halalinsa, ya sa wa na'urar da ke aiki da Windows XP mai bit 32, wanda aka fitar a 2001, sa'an nan ya duba ya ga ba ta shaida masa sai uku da 'yan kai. Illar kuwa ita ce, kowane gurbi na ƙwaƙwalwa sai an ba shi lamba kafin a iya kiransa, bit 32 kuma iyakar lambobin da zai iya fitarwa 4,294,967,296 ne, a cikinsu kuma dole a yanka wa katin hoto da sauran kayan ciki nasu kaso. Saboda haka ragowar tana nan daram cikin akwati, wuta na ratsa ta, mai ita bai ƙaru da kome ba, tamkar hatsi a rumbun da ba a yi wa ƙofa ba. A ƙaulin Mu'utazila wannan mutum an azurta shi da huɗu. Ni dai ban ga yadda hankali zai karɓi haka ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ƙofar ma akwai ta, rufe ta aka yi da gangan. Tun 1995 kamfanin Intel ya sa wa Pentium Pro wata dabara mai suna PAE, wadda ta kai lambobin bit 36, watau gigabayit 64. Amma Microsoft, da ya ga yawancin ƙananan manhajojin da ke tafiyar da kayan ciki ba a rubuta su da sanin wannan faɗi ba, har suna iya kayar da na'ura, sai ya tsayar da XP na gida a kan huɗu. Wannan haddi yana da hikima, domin kau da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo maslaha, shi ya sa ba na yaba wa masu kutsawa cikin zuciyar manhajar su fasa shi bisa jahilci.

Sai dai sallamawa ga haddin da ɗan Adam ya gindaya, alhali akwai halastacciyar mafita, kasala ce ko da an kira ta ƙana'a, jefar da lafiyayyar na'ura kuma almubazzaranci ne. Ya kai mai tsohuwar kwamfuta, bincika ko furosesarta tana ɗaukar bit 64. In tana ɗauka, ka sa mata manhajar da ta dace da haka, in kuwa ba ta ɗauka, Linux mai PAE zai iya buɗe maka abin da ka riga ka biya kuɗinsa.