In An Soke Tseren, Ina Za A Kai Ƙarfin?

Karatu: 1 Tarihi 22:1-16, Ayyukan Manzanni 16:6-15, 1 Korantiyawa 9:24-27

Gabatarwa

Wanda ya yi sammako a birnin Bauchi ya bi ta Ƙofar Ran, kusa da inda aka binne Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa, yakan yi kiciɓis da samari suna gudu a gefen titi tun gari bai gama wayewa ba. Waɗansu lafiyar jiki kawai suke nema. Waɗansu kuwa akwai wata rana da suka sa a zuci, ranar da za a busa usur su nuna amfanin wahalar da suka sha. Saboda wannan rana suke barin barci mai daɗi, suna jure sanyin hunturu da ƙurarsa.

Amma ranar da mutum ya sa a zuci ba a hannunsa take ba. A watan Maris na 2020, 'yan wasa daga jihohi dabam dabam sun gama shirin tafiya birnin Benin na Jihar Edo domin Gasar Wasanni ta Ƙasa. Saura 'yan kwanaki a buɗe gasar sai aka ɗage ta saboda annobar korona, ba a kuwa yi ta ba sai a watan Afrilu na 2021. A shekarar 2020 ɗin ce kuma aka soke gudun fanfalaki na birnin Boston a Amurka, wanda ake yi tun 1897. Tambayar da ke gaban kowane mai tsere a irin wannan lokaci ita ce: me zai yi da ƙarfin da ya tara? Tambayar nan ta shafi kowane gidan Kirista, gama babu iyalin da bai taɓa shirya wani abu da dukan zuciya ba, sa'an nan ƙofa ta rufe.

Abin Da Ya Faru A New York

Gudun fanfalaki, wanda waɗansu ke kira gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Mai shigarsa yakan yi wata huɗu ko biyar yana horon jikinsa, yana ƙara nisan gudunsa mako bayan mako, yana lura da abin da yake ci da sha.

A ranar 29 ga Oktoba, 2012, guguwar Sandy ta auka wa birnin New York. Ruwan teku ya shiga gidaje, wutar lantarki ta ɗauke, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu a cikin birnin, da yawa daga cikinsu a tsibirin Staten. Daga wannan tsibiri ne kuwa ake tashin babban gudun fanfalaki na birnin, wanda aka shirya yi ranar Lahadi, 4 ga Nuwamba. Da fari magajin garin, Michael Bloomberg, ya ce za a yi tseren. Jama'a suka yi ta ƙorafi cewa bai kamata a kai injinan wuta da ruwan sha wurin wasa ba alhali maƙwabta suna cikin duhu da makoki. Ranar Juma'a, 2 ga Nuwamba, aka ba da sanarwar soke shi. A lokacin, dubban masu tsere sun riga sun iso daga ƙasashe masu nisa, sun biya kuɗin jirgi da na masauki.

Yadda suka karɓi labarin ya kasu kashi uku. Kashi na fari suka cika da fushi. Ba za a ce ba su da hujja ba, gama an bar su sun taso kafin a canja magana. Suka tattara kayansu suka koma gida da ɓacin rai. Kashi na biyu suka ce ba za su bar horonsu ya tafi a banza ba. Ranar Lahadin suka taru a lambun Central Park, suka yi ta zagaya shi har suka cika nisan tseren, ba alƙali, ba lambar yabo. Kashi na uku kuwa suka cika jakunkunan goyo da abinci, da tocila, da batura, da tufafi masu ɗumi, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Staten. Suka yi gudu zuwa unguwannin da ruwa ya lalata, suka raba kayan, suka kama kwashe laka da tarkace daga gidajen mutanen da ba su taɓa sani ba. Ƙafafun da aka horar domin lambar yabo su ne suka kai taimako ƙofar masu kuka.

Dukansu labari ɗaya suka ji, hasara ɗaya kuma suka yi. Abin da ya bambanta su shi ne inda kowa ya kai ƙarfinsa.

Dawuda Da Haikalin Da Bai Gina Ba

Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin wani mutum da aka soke masa babban tserensa. Sarki Dawuda ya zauna a gidan itacen al'ul, zuciyarsa ta dame shi domin akwatin alkawarin Allah yana cikin alfarwa. Ya yi niyyar gina wa Ubangiji Haikali. Niyyar mai kyau ce, annabi Natan ma ya goyi bayansa da fari. Amma a daren nan maganar Ubangiji ta zo cewa ba shi ne zai gina ba. Dawuda da kansa ya bayyana wa ɗansa dalili, wato shi mayaƙi ne, ya zubar da jini da yawa. Sulemanu ne zai yi ginin.

Sarki ne, yana da dukiya da ma'aikata, babu mai hana shi aza harsashi da ƙarfin tsiya. Yana kuma iya yin fushi ya ce tun da an ƙi shi, to, wanda aka zaɓa ya nemi kayan aikinsa. Bai yi ko ɗaya ba. A 2 Sama'ila 7 an nuna ya shiga ya zauna a gaban Ubangiji da godiya. A 1 Tarihi 22 kuwa sai ga shi ya sa masassaƙa suna gyara duwatsu, ya tara baƙin ƙarfe domin ƙusoshi, da tagulla mai yawa, da gumaguman al'ul daga Taya da Sidon. A sura 28 ya miƙa wa Sulemanu tsarin ginin. A sura 29 ya buɗe taskarsa ta kansa ya ba da zinariya da azurfa, har shugabannin jama'a suka bi sawunsa da bayarwa. Har wa yau Haikalin Sulemanu ake kiransa, amma zufar Dawuda tana cikin kowane dutse. An hana shi ɗaukakar gamawa, sai ya rungumi hidimar shiryawa.

Bulus A Gaban Rufaffiyar Ƙofa

Haka ya faru da Manzo Bulus a tafiyarsa ta biyu. Ya so ya yi wa'azi a ƙasar Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana. Ya juya wajen Bitiniya, nan ma ba a yardar masa ba. Bai koma Antakiya yana gunaguni ba. Ya ci gaba da tafiya har ya kai Taruwasa a bakin teku, a can ne ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙon taimako. Daga wannan hani sau biyu aka sami ikilisiyar Filibi, aka sami Lidiya da iyalinta, da mai tsaron kurkuku da gidansa duka. Gaskiyar Bahaushe da ya ce wani hani ga Allah baiwa ne.

Bulus ya san harkar tsere. Kusa da birnin Koranti akan yi manyan wasanni kowace shekara biyu, wanda ya ci kuwa kambin ganye ake sa masa. Shi ya sa ya tuna wa Korantiyawa cewa 'yan wasa suna hana kansu abubuwa da yawa domin ladan da ke bushewa cikin 'yan kwanaki, mai bi kuwa ladansa ba ya lalacewa. Hukuma tana iya soke tseren duniya, iska ko annoba tana iya hana shi. A watan Oktoba na 2025 iska mai ƙarfi ce ta sa aka soke gudun fanfalaki na Cape Town a Afirka ta Kudu da asubar ranar da za a yi shi. Amma tseren bangaskiya da Ibraniyawa 12 ke magana a kai, ba mahalukin da ke da ikon soke shi. Yesu Almasihu ne ya fara shi, shi ne kuma ke jira a ƙarshensa.

Darasi Ga Iyalin Kirista

A gidajen masu bi ma ana soke tsere. A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suka dawo gida suka zauna, har da na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa. Akwai budurwar da aka sa ranar aurenta, aka ɗinka anko, sa'an nan magana ta lalace. Akwai manomin da ya ci bashin taki, ruwa ya ɗauke masara tana goyo. Akwai mai bishara da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi shekaru yana jira a tura shi. Ga irin waɗannan akwai abubuwa huɗu.

Na fari, baƙin ciki ba zunubi ba ne. Wanda ya yi hasara yana da izinin yin kuka a gaban Allah, kamar yadda masu Zabura suka yi. Kada iyaye su yi saurin tsawata wa yaron da ke cikin ɓacin rai, kada kuma 'yan'uwa a ikilisiya su ce rashin bangaskiya ne. Haɗarin yana wurin barin fushi ya daɗe har ya yi saiwa. Nan ne saurayi kan faɗa wa shaye-shaye, magidanci ya huce haushinsa a kan matarsa, mai bi ya daina zuwa sujada.

Na biyu, kada a watsar da horo. Mai tsere da ya kwanta don an ɗage gasa, ranar da aka sake kira ba zai iya ba. Ɗalibi ya ci gaba da buɗe littattafansa, iyali su riƙe addu'ar safe da ta yamma, mai jiran aiki ya koyi sana'ar hannu.

Na uku, a ɗaga ido a ga wanda ya fi shan wahala. Masu tseren New York sun rasa wasa ne, maƙwabtansu kuwa sun rasa gidaje da 'yan'uwa. Ɗalibin da yajin aiki ya zaunar yana iya tara yaran unguwa ya koya musu karatu da lissafi. Zumuntar mata tana iya kai hatsi gidan gwauruwa. Matasa suna iya gyara rufin tsohon da ba shi da kowa, ko Kirista ne ko Musulmi, gama ruwan sama ba ya tambayar addinin mai ɗaki.

Na huɗu, a yarda wani ya gama abin da aka fara. Uba da yawa ba zai ga amfanin itacen da ya dasa ba. Fasto yakan aza harsashin majami'a, wani ya zo ya buɗe ta. Wanda ke da zuciyar Dawuda zai tara duwatsun da murna, ko da sunan wani za a rubuta a ƙofa.

Kammalawa

Yakubu ya gargaɗi masu tsara gobe kamar tana aljihunsu, ya ce a riƙa jingina kowane shiri ga yardar Ubangiji (Yakubu 4:13-15). Wannan ba ya hana shiri. Saurayin da ke gudu da asuba ta Ƙofar Ran ya ci gaba da gudunsa, ɗalibi ya yi karatu, manomi ya yi shuka. Sai dai kowa ya san cewa ranar ta Allah ce, ƙarfin kuma amana ce. A ranar ƙarshe ba lambobin yabo za a ƙirga ba. Bisa ga Matiyu 25, Ubangiji zai yi tambaya ne a kan mayunwaci, da baƙo, da marar lafiya, da ɗan kurkuku.

Bari Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa kowane gida da aka rufe wa ƙofa a wannan lokaci. Bari ya tsare zukatansu daga ɗaci, ya nuna musu inda za su kai ƙarfin da ya ba su, har su gama tserensu da aminci, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.