Tiya ɗaya ga kowane yaro?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa fiye da ɗaya ya san cewa sunan tiya ɗaya ne, amma cikinta ya bambanta. Ta wannan gari tana da zurfi, ta wancan an ɗan daki gindinta, kuma kowane mai awo yana rantsuwa tasa ce cikakkiya. Addini ya yi kakkausan gargaɗi a kan tauye mudu domin cutarsa ɓoyayya ce: mai saye yakan koma gida yana godiya, sai ranar da buhu ya ƙare kafin lokacinsa. Ƙasar Amurka ta daɗe tana fama da irin wannan cuta a makarantunta, kuma yunƙurin da ta yi na ƙera tiya guda ya tayar da tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta: shin adalci ne a auna yara duka da ma'auni ɗaya, alhali ba a zuba musu daidai ba?

Mai karatu na Maraɗi ko Damagaram, wanda ya saba ganin ɗan lise na Tawa da na Yamai suna buɗe takardar bak iri ɗaya a safiya ɗaya, zai yi mamaki in ya ji Amurka ba ta da irin wannan. A can sha'anin makaranta na jihohi ne, su hamsin, kowace da tsarinta. A 2002 shugaba Joj Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta jarraba yara kowace shekara a karatu da lissafi, daga aji uku zuwa na takwas, ta kuma ce ya zuwa 2014 lalle kowane yaro ya ƙware, in ba haka ba makarantarsa ta fuskanci horo. Sai dai dokar ta bar wa kowace jiha ta tsara jarrabawarta, ta kuma yanke da kanta inda ƙwarewa ta fara. Wato an ce da mai awo za a hukunta shi in tiyoyinsa ba su cika ba, sannan an bar masa ƙirar tiyar. A 2005 jihar Tenesi ta ba da sanarwa cewa kashi 87 cikin 100 na ƴan aji takwas sun ƙware a lissafi. Jarrabawar tarayya mai suna NAEP, wadda ake yi wa yaran da aka tsamo daga kowace jiha, ta tarar da kashi 21.

Wa wannan ƙarya ta cuta? Ɗan mai hali yana da wasu ma'aunan a gida: uban da ya yi jami'a ya san abin da ke jiran ɗansa, yana kuma da kuɗin ɗauko malamin da zai cike giɓi. Uwar da ba ta yi zurfin karatu ba kuwa, takardar makaranta ce kaɗai madubinta. In an rubuta mata cewa ɗanta ya ƙware, sai ta kwantar da hankali, gaskiya ba za ta fito ba sai a ƙofar jami'a, inda za a mayar da shi azuzuwan cike giɓi, waɗanda yake biyan kuɗinsu amma ba sa shiga lissafin digirinsa. Masu cewa zalunci ne a auna ɗan talaka da tiyar ɗan mai kuɗi suna magana ne da zuciya mai kyau, amma ƙaramar tiya tausayi ne da yaron zai biya kuɗinsa daga baya. Ta wannan fuska ma'auni ɗaya haƙƙin marar galihu ne kafin ya zama na kowa.

Wannan ne ya sa a 2010 gwamnoni da shugabannin ilimi na jihohi suka fitar da manufofin bai ɗaya da aka sani da Common Core, jihohi fiye da 40 suka karɓa, wasu kamar Teksas da Bajiniya suka ƙi. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin Barak Obama ta ba ƙungiyoyin jihohi biyu, PARCC da Smarter Balanced, kimanin dala miliyan 330 su ƙera jarrabawar da ta dace da manufofin. Dabarar kuwa daga ƙarshe aka faro: aka tambayi abin da ɗan shekarar farko ta jami'a yake bukata, aka riƙa sauko da shi aji aji har zuwa ƙanana. Jami'o'i da dama sun yarda cewa wanda ya kai matakin da aka yanke a aji na 11 ba za a sa shi cike giɓi ba. Da kwamfuta ake yin jarrabawar, kuma ta Smarter Balanced tana sauƙaƙa tambaya ko ta tsananta ta gwargwadon amsar da yaro ya bayar. An fara yin su gadan-gadan a 2015.

Taken aikin dai shi ne shirya yaro don jami'a da kuma sana'a, amma Ingilishi da lissafi kawai aka auna. Ko shakka babu makanike yana bukatar duka biyun, sai dai haƙurinsa a gaban injin da ya ƙi tashi ba ya shiga kwamfuta. An ambaci sana'a a take, an manta da ita a tambayoyi.

Abin da ya kayar da shirin wani abu ne dabam. A 2013 jihar Niyok ta yi tata jarrabawar bisa sababbin manufofi, sai waɗanda suka ci Ingilishi suka faɗo daga kashi 55 zuwa 31. Yaran ba su manta kome ba cikin shekara guda, tiya ce ta ƙara zurfi. Amma a daidai lokacin gwamnatin tarayya tana matsa wa jihohi su ɗaura darajar aikin malami a kan sakamakon ɗalibansa, alhali malaman ba su gama sanin sababbin littattafan ba. A 2015 iyayen kimanin yaro ɗaya cikin biyar a Niyok suka hana ƴaƴansu zama jarrabawar. A wannan shekarar ce kuma kotu a Atlanta ta sami ma'aikatan ilimi 11 da laifi a badaƙalar goge amsoshin yara a jarrabawar jiha ta 2009, ƙarƙashin tsohuwar doka.

Akwai awo don a sani, akwai awo don a hukunta, kuma da wuya tiya ɗaya ta yi aikin biyu. NAEP ta iya faɗin gaskiya a kan Tenesi domin abincin kowa bai rataya a wuyanta ba. Haka binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ƴan firamare a ƙasashen Afirka goma, ya iya nuna cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake so a karatu a ajin ƙarshe ba su kai ɗaya cikin goma ba: babu mushen da zai rasa albashinsa a kan amsar, don haka babu mai dalilin goge ta. Mai ja da wannan magana zai ce gaskiyar da ba ta da haƙora a akwati take ƙarewa, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar ita ce wa ya kamata ta ciza. A Amurka babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidajen unguwa yake fitowa, ta yadda unguwar masu arziki ke iya zuba wa ƴaƴanta fiye da ta matalauta. Da tiya ta nuna buhu bai cika ba, malamin da ke riƙe da bakin buhun aka kama, ba a tambayi masu rabon hatsin ba.

A watan Disamba na 2015 majalisar Amurka ta yi sabuwar doka, wadda ta bar jarrabawar shekara shekara amma ta hana ministan ilimi tilasta wa jiha wasu manufofi ko hanyar auna malamai. PARCC, wadda ta fara da jihohi fiye da 20, ta narke cikin ƴan shekaru. Smarter Balanced ta rage a Kalifoniya da Washinton da wasu jihohi kimanin goma. Yawancin waɗanda suka fice sun koma ƙera tiyarsu, ko da yake da dama sun bar ta da zurfin da ya fi na da.