HALIN MUTUM A ZANGO

Mai karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin kirkin nan da muke yi a gida, don Allah muke yi, ko kuwa don idon jama'a? Ban san nauyin tambayar ba sai a 2023, lokacin da ƙanena da ke karatu a Malesiya ya gayyace ni hutun wata uku.

Na baro Ƙaura Namoda da sassafe, muka bi ta Gusau da Funtuwa har Kano. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi sai Addis Ababa, inda za mu ya da zango na 'yan awoyi kafin mu canja jirgi. Mu mutanen Ƙaura mun san baƙo, domin a garinmu layin dogo ya tuƙe tun 1929, kuma duk wanda ya sauka da dare ba ya rasa tabarma da ruwan sha. Amma zangon filin jirgi daban ne. Babu mai masauki, babu mai tambayar ki ke 'yar gidan wa ce. Wallahi sai na ji wani irin sakayau, na gyara gyale, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na ce yau dai ba wanda ya san ni.

Ina nan zaune ina fama da sanyin garin, sai na hangi wata tsohuwa da hijabi har ƙasa tana ta waige-waige, takarda a hannu. Kallo ɗaya na san tamu ce. Mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, sai na sunkuyar da kai kan waya, don na gaji, kuma ina gudun ta maƙale mini. Da a kasuwar Shinkafi ne, ai da gudu zan tashi in karɓi kayanta, don kada a ce 'yar gidan wane ba ta da tarbiyya.

Can sai ga wata Bahabashiya mai shara, da ɗan gicciye a wuyanta, ta ajiye tsintsiyarta ta kamo hannun tsohuwar, tana bin layin kujeru tana duba fuskoki har ta tsaya a kaina. Tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, kina jin Hausa? Duba min wagga takarda, na tai alwala na ɓace ma mutanenmu."

Ashe daga Zurmi take, Umara za ta. Na duba lokacin tashin jirgin Jidda, gabana ya faɗi. Agogon hannunta yana kan lokacin gida, alhali Habasha tana gaban Nijeriya da awa 2. Ita a zatonta da sauran lokaci, ashe har an fara shiga jirgi. Na ce, "Inna, mu yi sauri!" Da ƙyar muka cim ma ayarinsu a bakin ƙofa. Tana ta sa mini albarka, har ta ce, "Ke ɗiyat wa ta a Ƙaura? In na koma sai na hwaɗi." Kunya ta rufe ni, na kasa faɗin sunan gidanmu, domin na san albarkar nan ba tawa ba ce. Na dawo neman mai sharar, ko ƙyallinta ban ƙara gani ba.

To ka ji. Ita ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ba kuma wanda zai kai labarinta gida, amma ta bar aikinta ta tsaya. Ni da na sha karatun haƙƙin matafiyi tun ina makarantar allo, sai da aka kawo mini har gabana. Wani zai ce ai kunyar idon mutane ma abin kirki ce, tana hana ɓarna. Haka ne, ban musa ba. Sai dai kunyar da ke tsayawa a tashar mota idan an bar gari, aron ta aka yi.

Tun daga ranar, in na yi wa wani alheri nakan tambayi kaina: da a Addis Ababa ne, zan yi? Wani lokacin amsar ba ta yi mini daɗi. Allah Ya sa ɓoyenmu ya fi bayyanenmu kyau, amin.