Wa Ya Ci Yaƙin Kabi?

Duk inda aka taru ana sauraron labarin Sudan a rediyo, ba a rasa mai tambayar wane ne ke cin yaƙin. A watan Maris na 2025 sojojin gwamnati suka ƙwace Khartum, aka ce sun yi rinjaye. A watan Oktoba dakarun RSF suka kama El Fasher, aka ce reshe ya juye da mujiya. Ana ta ƙirga garuruwa, alhali kowane ɓangare yana da masu ɗaure masa gindi daga waje. Mutanen Augie da sauran garuruwan fadamar Rima ba sa bukatar zuwa nesa kafin su gane raunin wannan lissafi, domin kakanninsu sun yi kusan shekara ɗari cikin yaƙi irin wannan. A ganina, idan baƙi suka shiga rikicin 'yan gida, yawan garuruwan da aka kama ya daina zama ma'auni. Abin dubawa shi ne wa ke da ikon cewa a tsaya kuma a tsaya, wa kuma zai shata sharuɗɗan zaman da zai biyo baya.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Mai kallo a ranar zai ce magana ta ƙare. A 1831 aka murƙushe Sarkin Kabi Karari, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya yi shekaru a tsare. Nan ma za a ce ta ƙare. Sai ga Nabame a 1849 ya koma gida ya ɗaga tuta, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka mara masa baya. Daga nan aka shiga ɗauki-ba-daɗi: an kashe Sarkin Kabi Mainasara a 1859, an kashe Sarkin Gwandu Haliru a 1860. Zamanin Sama'ila, wanda ake kira Sama, da ya hau a 1883, Kabawa suka riƙa ƙona garuruwan Gwandu da na Sakkwato, har suka kori rundunar Sarkin Musulmi Abdurrahman daga bakin ganuwar Argungu, sabon mazaunin sarkinsu, a farkon shekarun 1890. Duk shekarar da mutum ya tsaya ya yanke hukunci a cikin waɗannan, wata shekarar za ta ƙaryata shi.

A daidai lokacin da Sama ke kan ganiyarsa ne Turawa suka fara leƙowa. Hafsan Faransa Monteil ya bi ta Argungu a 1891 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato. A 1898 Faransa ta kafa sansani a Dosso, kuma a shekarar ce aka zauna a Paris, Ingila da Faransa suka zana wani baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato suka ce nan ce iyakarsu, babu Bakabe ko Basakkwace ko ɗaya a wurin. A 1902 sojojin Ingila suka sauka Argungu, Sama ya karɓe su, kuma ta nan wani sashe na rundunar ya bi zuwa Sakkwato, wadda ta faɗi ranar 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Da idon ƙirga, Kabi ta ci: abokin gabarta na shekara ɗari ya faɗi, sarkinta yana kan gadonsa. To amma a dubi rabon da aka yi daga baya. Lugga, jagoran Turawan Ingila, ya naɗa sabon Sarkin Musulmi, ya bar wa Sakkwato girmanta don da ita yake son ya mulki Arewa. Birnin Kabi, garin da Kabawa suka zubar da jini don su koma cikinsa, ya tabbata a hannun Gwandu, har ya zama mazaunin sarkinta bayan rikicin Satiru na 1906. Gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya tabbatar da Dosso da Dogonduci a ɓangaren Faransa, wato an raba Argungu da manyan ƙawayenta. Shi kansa Sama ya koma sarki mai karɓar umarni daga Razdan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai nasara ta Allah ce, wanda ya ga dama yake ba wa, don haka wanda ya yi rinjaye a fagen fama shi ne Allah ya zaɓa. Gaskiya ne babu abin da ke faruwa sai da ikonsa, amma tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar mu mu mai da rinjayen rana ɗaya shaidar yardar Allah ba. A Uhudu Musulmi ne suka sha wuya, Kuraishawa suka koma Makka suna murna, kuma babu malamin da ya taɓa cewa gaskiya ta koma wajensu a ranar. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, Musulmi suka juya ba su yi umara ba, da sharuɗɗan da suka yi wa manyan sahabbai nauyi, amma wannan ne Alƙur'ani ya kira buɗi. Me aka samu a wurin? An samu aminci, mutane suka iya tafiya da kasuwanci da sauraron juna, kuma masu rikicin ne da kansu suka ƙulla shi. Idan aka auna yaƙin Kabi da wannan, abin da ya fi kama da nasara a cikinsa shi ne Lafiyar Toga, sulhun da Sarkin Kabi Abdullahi Toga ya yi da Sakkwato wajen 1867. An amince da 'yancin Argungu, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Sulhun yana da tabonsa, don waɗanda aka kama bayi sun ci gaba da zama a hannun masu su, kuma bai wuce 1875 ba. Duk da haka, shekara takwas manomin Augie ko Gulma ko Zazzagawa yana iya shiga fadama da lauje ya yanki shinkafarsa ba ya ɗaga kai yana duban ƙurar dawaki, masunci ya kwanta kan gorarsa ya tura homa cikin gulbi har rana ta faɗi.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Mai rauni da aka kewaye, ina laifinsa in ya nemi mataimaki? Sama ya ga bindigogin da babu ganuwar da za ta tsaya musu, ya tsirar da garinsa daga wuta, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ban ɗora masa laifi ba, kuma neman ƙawance ba haramun ba ne, tunda Manzon Allah ya yi ƙawance da Khuza'a. Amma tsira daban, nasara daban. Ƙawancen Nabame da Zabarmawa na maƙwabta ne masu bukatar juna, kowa yana iya janyewa. Ƙawance da Ingila kuwa na wanda ba ka iya sallamarsa ne. Mutanen wannan yanki sun sake ganin haka da idonsu: rahotanni sun nuna cewa Lakurawa sun fara samun wurin zama ne a yankin Tangaza da Gudu a matsayin masu taimakon jama'a kan ɓarayin shanu, sai ga shi a watan Nuwamba na 2024 sun kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie.

Akwai kuma mai cewa in haka ne ba za a iya yanke hukunci ba sai bayan an gama. Ana iyawa tun yaƙi na ci, in an canza tambayoyin. Daga ina harsashi da kuɗin mayaƙa ke fitowa, kuma da me ake biya, zinariya ko tashar jirgin ruwa ko alkawarin gobe? A wane birni ake zaman sulhu, wa ya kira shi? In janar ya ce a ajiye makami gobe, masu ba shi makamin za su bari? Mutanen garin da aka ce an 'yanta suna komowa ne ko suna ƙara gudu? A Sudan amsoshin nan ba su yi wa kowane ɓangare daɗi ba, tunda miliyoyin mutane sun bar gidajensu, zaman sulhu kuma sai a biranen waje irin su Jidda da Janeba.

Sulhun Kabi da Sakkwato na ƙarshe bai samu ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, wanda shi ne tushen bikin da ake yi a Matan Fada har yau. A lokacin duka sarakunan biyu suna ƙarƙashin tutar Ingila, kuma sai da aka ƙara shekara 26 kafin a sauke ta.