Rabin Gyara: Yaushe Babu Ta Fi Ba Daɗi?

Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi, kuma a yawancin al'amura maganar tana kan hanya. Sai dai akwai ayyukan da rabinsu ya fi rashinsu muni, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabe su. Wanda ya yi niyyar sadakar kwano biyu ya ba da ɗaya yana da ladan ɗayan. Wanda ya wanke fuska da hannuwa ya tsaya nan ba shi da rabin alwala, ba shi da alwala sam, kuma haɗarinsa shi ne ya tayar da salla yana zaton yana da tsarki. A ganina masu gina sabar kwamfuta sun iso ga wannan fahimta ta tasu hanyar, kuma sun yi daidai.

Dubi WildFly, sabar manhajojin Java da kamfanin Red Hat ya bunƙasa, wadda a da ake kira JBoss AS. Tun fitowarta ta 7 a 2011 aka gina ta ɓangare-ɓangare, wannan na kula da rumbun bayanai, wancan da tsaro, wani da saƙonni, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa. Mai kula da ita zai iya buɗe fayil ɗin standalone.xml ya gyara da hannu, amma an tanadar masa abin da ya fi: ya rubuta batch, ya jera umarninsa, misali ɗora direban rumbun bayanai sannan buɗe mahaɗar da za ta dogara da shi, ya rufe da run-batch. In mataki ɗaya ya faɗi, sai a warware dukkansu, sabar ta koma yadda take. Dalili kuwa shi ne tsohon tsari sananne ne, sabon ma an yi tunaninsa, amma na tsakiya babu wanda ya tsara shi balle ya gwada shi. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin Knight Capital na Amurka ya ɗanɗana wannan, ko da yake da tasa manhajar ce: sabon shiri ya hau sabar bakwai cikin takwas, ta takwas ta farfaɗo da tsohon shiri, cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440.

Wani zai ce ai almubazzaranci ne a zubar da matakai tara masu kyau saboda ɗaya. Amma kyawun taran daga na goma yake. In da gaske suna iya tsayuwa su kaɗai, laifin na wanda ya ɗaure su tare ne. Suka ta biyu ta fi nauyi, wato warwarewa ba ta taɓa cika, don saƙon da ya riga ya fita ba ya dawowa, mai amfanin da aka katse wa aiki kuma an riga an katse masa. Wannan gaskiya ne, kuma shi ke nuna iyakar inji. Inji bai san abin da ya zama guda ba sai mutum ya faɗa masa, shi ya sa rubuta canji a shiri ya fi gyaran hannu: niyyar mai gyara ta fito fili, abokin aiki zai karanta ya ce wannan bai kamata ya shiga ƙullin nan ba. Ko a WildFly, in sabar suna da yawa, mai kula ne ke rubuta adadin da za su iya faɗuwa kafin a janye canjin daga sauran, kuma shi za a tambaya in adadin bai dace ba.